Tsagar da Ke Jikin Mariƙi

Kakana masassaƙi ne. Yana yin turmi da taɓarya da akushi, amma abin da aka fi saninsa da shi a kasuwar garinmu shi ne ƙota. Maƙeri zai ƙera ruwan fartanya ya gama, manomi ya saya, sa'an nan ya biyo ta rumfar kakana ya miƙa masa hannu. Shi kuwa sai ya kama tafin ya jujjuya, ya dubi tsawon yatsu da wuraren da kanta ta fito, kafin ya zaɓi reshen ƙirya ya ɗora masa gizago. Yakan ce ƙarfe na kowa ne, ƙota kuwa ta mutum ɗaya ce. Ina yaro a lokacin, na ɗauki maganar a matsayin irin zancen da masu sana'a suke yi don kambama kansu.

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa karatu ya kai ni jihar Connecticut ta Amurka, na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin injin yankan ƙarfe. Sha'awarsa a duniya ɗaya ce, wato tara tsofaffin libarba. A ƙasarmu wannan ba abin da mutum zai yi tunaninsa ba ne, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin jerin bindigogin da aka haramta wa jama'a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa. Sanina da ita bai wuce hangen ta a ƙugun jami'in tsaro ko a fina-finan kaboyi ba. A Amurka kuwa dokar tarayya ta 1968 ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, kuma akwai ƙungiyoyi da mujallu da kasuwannin gwanjo da suka rayu a kan wannan sha'awa kaɗai. Ranar da dattijon ya fara buɗe mini akwatin ƙarfensa, ya zaci bututun ko gangar harsashin zan tsaya kallo. Idona kuwa bai sauka ko'ina ba sai kan mariƙi, saboda jikan masassaƙi ne ni. Daga wannan rana muka shaƙu, ina kiransa Baba kamar yadda ake kiran sa'an uba a gida, shi kuma yana buɗe mini tarihin abin da ya tara.

Labarin ya faro ne daga katako. Samuel Colt, wanda aka haifa a birnin Hartford a 1814, yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Kalkata ta Indiya, kuma a cikin wannan tafiya ce aka ce ya sassaƙa siffar bindigarsa ta farko da itace. Dabararsa ita ce ganga mai ramuka da ke juyawa da kanta duk lokacin da aka ɗana bindigar, ta kawo sabon harsashi daidai bakin bututu, yadda mutum zai yi harbi biyar ko shida ba tare da ya tsaya ɗura albarushi ba. Ya sami takardar mallakar fasahar a Ingila a 1835, a Amurka kuma a watan Fabrairun 1836. Masana'antarsa ta farko a garin Paterson ta durƙushe a 1842 saboda rashin masaya. Yaƙin Amurka da Meziko ne ya farfaɗo da shi. A 1847 gwamnati ta ba shi kwangilar libarba 1,000 da ya tsara tare da Kyaftin Samuel Walker na dakarun Texas, wata ƙatuwar bindiga mai nauyin kusan kilo 2. Kaɗan ne daga cikinsu suka kai zamaninmu, shi ya sa a 2018 aka sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 1.84. Hausawa sun ce tsohuwar zuma da ita ake magani, amma ban taɓa ganin inda tsufa ya yi tsada irin wannan ba.

Gagarumin abin da Colt ya kawo shi ne ƙera bindiga da injuna, ta yadda sassan wannan za su iya shiga jikin waccan da ɗan gyara kaɗan. Ya nuna kayansa a babban baje-kolin Landan na 1851, Turawan Ingila suka yi ta mamaki. A 1855 ya kammala babbar masana'antarsa a bakin Kogin Connecticut, wadda har yau ana hango shuɗiyar ƙubbarta daga babban titi. Na je gidan tarihin jihar a Hartford, inda aka ajiye tarin bindigogin kamfanin, na ga layi bayan layi na ƙarfe iri ɗaya kamar an tsaga kara. A nan na gane abin da kakana yake nufi. Inji ya mayar da ƙarfe na kowa da kowa, sai ya zamana wurin da ya rage wa mutum ya nuna kansa shi ne ɗan abin nan da yake damƙewa a tafin hannu. Colt da kansa ya san haka. Idan zai yi wa manyan duniya kyauta don neman kwangila, kamar yadda ya yi wa Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid, sai ya sa gwanayen zane irin su Gustave Young su ƙawata ƙarfen da zinariya, a kuma zaɓi abin da ya fi kyau a yi mariƙi da shi.

Bindigar da Baba ya fi ji da ita ita ce Colt Single Action Army, wadda sojan Amurka ya karɓa a 1873, kuma ita ce wadda duniya ta sani a hannun kaboyi. An ƙera fiye da 350,000 daga wannan shekara zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Na soja suna da mariƙin itacen walnat, gunduwa ɗaya, a gefensa akwai ɗan tambarin sufeton gwamnati da ya duba bindigar ya amince da ita. Na farko-farko suna ɗauke da haruffan sufeto Orville Ainsworth, kuma daga cikinsu ne aka raba wa sojan doki na Kanar George Custer, waɗanda mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka a Little Bighorn a watan Yunin 1876. Saboda haka ɗan tambarin nan da bai kai faɗin farce ba, wanda gumin hannu ya kusa shafewa, yana iya ninka kuɗin bindiga sau da yawa. Baba ya kwance wani mariƙi ya nuna mini cikinsa, inda ma'aikaci ya rubuta lambobin ƙarshe na bindigar da tawada fiye da shekara ɗari da suka wuce, don kada a haɗa shi da jikin wata. Kamfanin Smith & Wesson ma ya daɗe yana sanya lamba a cikin mariƙin ɓangaren dama. Har gobe mai tara bindiga yana iya biyan kuɗi kamfanin Colt ya duba tsofaffin kundayensa, ya aiko masa da wasiƙar da ke faɗin ranar da aka fitar da bindigar, da wanda aka aika wa, da irin mariƙin da ta fita da shi in an rubuta.

A nan masu wannan sha'awa suka rabu gida biyu. Wasu suna ganin duk wanda ya cire mariƙin asali ya yi wa tarihi ta'adi, ko da kuwa ya tsage ko ya goge. Wasu kuma suna cewa ai canza mariƙi ma tsohuwar al'ada ce, da ita bindigar ta taso. Suna da hujja. Tun a ƙarni na goma sha tara mutum kan sayi libarba ya kai ta a sa mata hauren giwa, ko ɓawon katantanwar teku mai sheƙi, ko ƙahon barewar Indiya. A shekarun 1860 an yi yayin mariƙin ƙarfe na zubi mai zane-zane, wanda ake dangantawa da kamfanin Tiffany na New York. Daga shekarun 1880 Colt ya koma yin mariƙin baƙar roba mai tauri, ɗauke da hoton doki a tsaye kan ƙafafun baya. Da gasar harbi ta bunƙasa a shekarun 1930, sai magana ta tashi daga ado ta koma kan dacewa da hannu. Walter Roper ya tsara mariƙi mai kauri da wurin ɗora babban yatsa, wani gwanin sassaƙa mai suna Mathias Gagne yana fitar da su da hannu, kuma yau su ma sun zama abin nema a gwanjo. Bayan su kamfanin Herrett na jihar Idaho ya riƙa cewa mai saye ya ɗora tafinsa a kan takarda ya zagaye shi da fensir ya aiko, a sassaƙa masa daidai hannunsa. Da na ji wannan sai na yi dariya, na ce wa Baba ai kakana ya riga su, shi ko takarda ba ya buƙata.

Mariƙi yana ɗaukar abin da ya fi ado nauyi. Janar George Patton ya sayi libarbarsa mai ruwan azurfa da mariƙin hauren giwa a 1916, yana ƙaramin hafsa. A wannan shekara ya shiga Meziko cikin rundunar Janar Pershing mai farautar Pancho Villa, aka yi wata arangama a wata gona, mutane suka mutu. A jikin hauren akwai haruffan sunansa, akwai kuma tsaga biyu da aka yi da gangan, kowace tana tsaye a madadin rai guda. Ana iya ganin bindigar a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Fort Knox. Maziyarta suna yaba farin hauren da yadda shekaru suka mayar da shi ruwan zuma. Ni kuwa tun da na san labarin tsagogin nan, sai na daina iya kallon kowane mariƙi a matsayin katako ko ƙashi kawai.

Shi kansa hauren yana da nasa labarin, kuma a nan ne zancen ya fara taɓa nahiyarmu. Ƙasa da tafiyar sa'a guda a mota daga Hartford, idan aka bi kogin zuwa kudu, akwai ƙauyuka biyu, Deep River da Ivoryton, na biyun ma daga haure ya samo sunansa. A nan kamfanonin Pratt, Read da Comstock, Cheney suka shafe shekaru masu yawa suna yanka mafi yawan hauren da ke shiga Amurka, suna yin matazai da madannan piyano. Akasarinsa daga Zanzibar yake zuwa, bayan an ɗauko shi daga tsakiyar Afirka a kan kawunan 'yan dako, da yawansu bayi. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fatauci. Fataken Hausawa sun daɗe suna shiga Adamawa, su kai har Ngaundere da Banyo da Tibati, su sayo haure su kawo Kano, daga nan raƙuma su ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambaci haure cikin hajar kasuwarta. Ba na faɗin haka don in ɗora wa wani laifi in wanke wani. Abin da nake nufi shi ne, farin mariƙin da ke ƙyalli a akwatin gilashi ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso, wasu na masu riba, wasu na masu sarƙa, kuma a farkon layin akwai giwa a kwance.

Ƙarshen wannan hanya sananne ne. An ƙiyasta giwayen Afirka sun kai kusan miliyan 1.3 a 1979, amma zuwa 1989 sun dawo kusan 600,000. A watan Yulin wannan shekara Shugaba Daniel arap Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a, kuma kafin shekarar ta fita ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. A 2016 Amurka ta ƙara tsaurara dokarta har ta kusa rufe cinikin a cikin gida. Masu yin mariƙi sai suka koma ga hauren tsohuwar giwar zamanin ƙanƙara da ake tonowa a Siberiya da Alaska, da ƙashin raƙumin dawa, da robar da aka yi ta kwaikwayi haure. Duk wanda ya je Yankari ya yi sa'ar ganin ɗan garken da ya rage mana, zai san abin da wannan ado ya ci.

Wata rana da yamma, ana sanyi mai tsanani, Baba ya fito da wata bindiga da bai taɓa nuna mini ba. Gajera ce, mai kauri, babu ko ɗigon ado a jikinta. Ya ce wannan ta Ingila ce, Webley, ƙirar birnin Birmingham. Rundunar Ingila ta karɓi samfurinta na farko a 1887, wannan kuwa samfuri na huɗu ne na 1899, wanda ake yi wa laƙabi da na Yaƙin Boer. Karya ta ake yi a tsakiya, bututun ya sunkuya, ta watso ɓawon harsasai shida a lokaci guda. Mariƙinta na baƙar roba mai tauri ne, ƙarshensa a lanƙwashe kamar kan tsuntsu, da ɗan zobe a gindi inda ake ɗaura igiyar da hafsa ke ratayawa. A ɓangaren hagu akwai tsaga tun daga ƙusa har ƙasa.

Ya tabbatar babu harsashi, ya miƙo mini. Ina karɓa na ji jikina ya yi sanyi, domin lissafin shekarun ya zo mini nan take. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 dakarun Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano. A ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. A ranar 27 ga Yuli aka yi gumurzun ƙarshe a Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya mutu a wurin. Bindiga mai ruwa da igwa ne suka yanke hukunci a waɗannan ranaku, kuma yawancin masu harbin 'yan ƙasar nan ne da aka ɗauka soja. Amma libarbar da rundunar Ingila ta amince wa hafsoshinta a wannan zamani Webley ce, kuma ita ke rataye a ƙugun mai ba da umurni. Kalmar libarba ma da nake rubutawa, daga bakin waɗannan mutane ta shigo harshenmu. A gidanmu ana ba da labarin wani ƙanen kakan kakana da ya bi ayarin hijirar zuwa gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu wata shaida da ke nuna cewa bindigar da ke hannuna ta taɓa taka ƙasar Hausa. Tana iya yiwuwa a Afirka ta Kudu ta yi aikinta, ko a Indiya, ko kuma a cikin aljihun tebur ta tsufa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ta zauna daram a tafina kamar don ni aka yi ta.

Baba bai san abin da ke raina ba. Ya daɗe yana sha'awar wata 'yar wuƙa da nake yanka albasa da ita, wadda kakana ya yi wa ƙota da ƙirya, itacen ya yi ja ya yi santsi saboda daɗewa a hannu. Sai ya ce: "Ɗana, idan ka je gida hutu, ka taho mini da guntun itacen nan. Mu cire wannan tsagaggen, ka sassaƙa mata sabo da hannunka. Zai zama abin tunawa tsakanina da kai."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma na san girman abin da ya ba ni, domin mai tara bindiga ba ya barin kowa ya taɓa kayansa da wuƙa. Na yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan na ba shi labarin 1903 tun daga Kano har Burmi, da na mutumin gidanmu da bai dawo ba. Na ce masa: "Baba, duk wadda ka zaɓa cikin sauran zan yi mata. Amma wannan, ina roƙon arziki a bar ta da tsagarta. Ba zan iya sa itacen garinmu ya zama abin da zai sa ta yi daɗin riƙewa ba."

Ya daɗe yana kallon bindigar. Ya ce shekara talatin tana hannunsa, ya san nauyin harsashinta da ma'anar kowane tambari da ke jikinta, amma bai taɓa tambayar kansa wanda ke tsaye a gaban bakinta ba.

Na sha tunanin ko na yi daidai. Wani zai ce ƙarfe ba shi da laifi, kuma da na sassaƙa mariƙin da ya zama wata irin nasara, jikan waɗanda aka ci da yaƙi ya sa hannunsa a kan makamin ya mayar da shi abin ado a bango. Ban raina wannan ra'ayi ba. Ban kuma zargi masu canza mariƙi ba, domin na ga masu gaskiya a cikinsu, waɗanda idan sun sa sabo sukan naɗe tsohon a ƙyalle su rubuta lambarsa su ajiye shi kusa da bindigar, don wanda zai gaje ta ya san da me ta zo. Abin da nake tsoro shi ne mariƙin da ake sawa don a manta, wanda yake shafe tambarin sufeto da gumin soja da tsagar da aka yi don ƙirga rai, ya bar mutum da kyakkyawan abu wanda ba ya tuhumar kowa. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, kuma tsohon mariƙi yana cikin 'yan abubuwan da suke tilasta wa mai riƙe da makami ya waiwaya.

Da na dawo daga hutu na kawo guntun ƙiryar. Mun yi makonni uku muna aiki a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, shi yana awo, ni ina sassaƙa, itacen yana cinye kaifin kayan aikinsa yana ta mita. Wata libarba ta gasar harbi muka yi wa, wadda ba ta taɓa fuskantar komai ba sai takarda mai zagaye-zagaye. Kafin in fara na ce ya miƙo hannunsa, na jujjuya tafin, na dubi inda kanta ta fito. Webley kuwa ya ɗiga wa tsagarta ɗan gam ta ciki don kada ta ƙara buɗewa, ya mayar da ita wurinta. Kowace bindiga a akwatinsa tana da ɗan kati da yake rubuta sunanta da shekararta da lambarta. Ya ciro na Webley, ya juya bayansa, ya ba ni alƙalami. Na rubuta Kano, da Sakkwato, da Burmi, kowace da ranarta, shi kuma ya sa ni na maimaita masa sunayen har ya iya faɗinsu daidai.